Daga Daura Zuwa Bakin Kwara A Kan Sawun Gamba

Idan damina ta ja baya, hatsi ya nuna a gonaki, matafiyin da ya bi manyan hanyoyin Arewa ba zai rasa ganin wata doguwar ciyawa a gefen kwalta ba, wadda ta ɗara mutum tsawo, kanta ya yi fari-fari da gashi kamar an barbaɗa masa auduga. Gamba ke nan. Yaro ya san ta, babba ya san ta, domin da ita ake saƙa zana, da ita ake kewaye gida, shanu kuma ba su da abincin da ya fi tohonta a farkon damina. Saboda yawan ganinta ba kowa ne ya damu ya tsaya ya dube ta ba, har akan ɗauka cewa gambar Daura da ta Zariya da ta Mokwa duk abu guda ne. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Masana aikin gona sun daɗe da gano cewa kowane yanki yana da irin tasa gambar, mai halinta na gado dabam, kuma wannan bambanci wata dukiya ce da ƙasashen waje suka riga mu sanin darajarta.

Turawa masu nazarin tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, sunan da wani Bajamushe mai suna Kunth ya raɗa mata a shekarar 1833. Amma masu magana da Ingilishi, har can Ostareliya, sunan Hausa suka ara, gamba suke ce mata. Asalinta Afirka ne, ana samunta tun daga Senegal har Sudan, ta gangara kudu har Mozambik da Namibiya.

A ƘASAR DAURA

Wanda ke son fahimtar gamba, ya kamata ya faro daga can arewa, wajen Daura da Zango da Ɓaure, inda ƙasa ta zama jigawa, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba. A nan daji ya ƙare tun tuni, gona ta haɗe da gona. Duk da haka gamba ba ta ɓace ba, domin manoma sun ba ta mazauni a kan iyakar gonakinsu. Za a ga layinta ya miƙe tsakanin gonar wane da ta wane, gindi bayan gindi, yana tare rairayi idan iskar bazara ta taso, yana kuma raba gardama idan magada suka zo rabon gona. Haka abin yake a ƙetaren iyaka, a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Da kaka a sa lauje a yanke ta, a ɗaure dami-dami, masu saƙa su zauna a inuwa su mai da ita zana, ranar kasuwa a ɗora wa jaki ko amalanke.

Abin da ke ba wannan ciyawa ikon zama a irin wannan wuri yana ƙarƙashin ƙasa. Yawancin ciyayin jigawa, irin su ƙarangiya da burburwa da kyasuwa, 'yan shekara guda ne, da zarar sun zubar da iri sai su mutu. Gamba kuwa takan shekara da shekaru a gindi ɗaya. Wani masani mai suna Bowden, wanda ya yi nazarinta a farkon shekarun 1960, ya bayyana cewa saiwarta kashi uku ce. Akwai 'yan sirara da ke shimfiɗe kusa da fuskar ƙasa, masu tsotse ko da yayyafi ne. Akwai masu kauri kamar igiya, waɗanda ke riƙe gindin, su kuma ajiye masa abinci. Sa'an nan akwai masu nutsawa ƙasa suna bin laima. Da wannan shiri takan jure rani mai tsawon wata takwas ko tara, kuma da ruwan farko ya sauka ita ce kan gaba wajen toho, tun sauran ciyayi ba su tsiro ba.

Gambar wannan yanki mai gaggawa ce. Takan fitar da kai da wuri, ta yi bununi, irinta ya ƙosa kafin ƙasa ta bushe. Duk gindin da ya yi nawa a nan ba ya barin baya, saboda haka cikin ɗaruruwan shekaru masu sauri ne kaɗai suka wanzu, 'ya'yansu kuma suka gaji saurin.

Akwai wani abin lura game da gambar kan iyaka. Manomi ba ya cika shuka irinta, sai dai ya tsaga gindin da ya ga ya yi kyau ya dasa. Ta haka dogon layi guda yana iya zama tsiro ɗaya tak da aka rarraba, halinsa ɗaya tun daga wannan kusurwa har waccan. Gambar daji, wadda ta tsiro daga iri, ba haka take ba, kamar yadda za a gani a gaba.

SHIKA

Daga Kano, idan aka bi hanyar Zariya, ƙasa takan fara sakewa. Rairayi ya ragu, jar ƙasa da laka su bayyana, itatuwan kaɗanya da ɗorawa su yawaita, ruwan sama na shekara ya kai milimita 1,000 ko fiye. Kimanin kilomita 20 daga Zariya a kan hanyar Funtuwa akwai Shika. A nan ne Gwamnati ta kafa gonar dabbobi a shekarar 1928, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Babu wani wuri da sunansa ya shiga tarihin gamba kamar wannan.

Ma'aikatan Shika sun so su samar wa makiyaya zaɓaɓɓen irin ciyawa, kamar yadda ake zaɓar irin gyaɗa da auduga a Samaru. Don haka aka tattaro gamba daga wurare dabam-dabam na ƙasar nan, aka shuka su gefe da gefe a fili ɗaya. Hikimar yin haka a bayyane take. Idan gambar arewa ta bambanta da ta kudu a can garuruwansu, ana iya cewa ruwa ne ko ƙasa ta jawo. Amma idan suna shan ruwa ɗaya a ƙasa ɗaya, bambancin kuma bai gushe ba, to lalle a jini yake. Wani ma'aikaci mai suna Foster ya buga sakamakon irin wannan gwaji a 1962. An ga waɗanda aka ɗebo daga arewa suna riga na kudu fitar da kai da makonni, watau kowace tana bin lokacin ɗaukewar ruwa na garin da ta fito, ko da yake tana zaune a Shika.

Yaya ciyawa za ta san lokaci? Tsawon yini take aunawa. Bayan tsakiyar damina yini yakan soma raguwa kaɗan-kaɗan, kuma kowace irin gamba tana da ma'aunin da idan yini ya sauko gare shi sai ta daina yin ganye ta shiga huda. Ta arewa ba ta jiran yini ya ragu da yawa, ta kudu kuwa sai ya ƙara gajarta. Manomi ba zai yi mamakin wannan ba, domin ya san bambancin gero da maiwa, ya kuma san cewa dawar da aka ɗauko daga kudu aka shuka a Katsina takan yi ta tsawo ba ta fid da kai ba har ruwa ya ɗauke. Wani masani mai suna Curtis ya tabbatar da haka game da dawar Nijeriya a 1968.

Bambancin bai tsaya ga lokacin huda ba. Wanda ya shiga cikin gamba ya duba da kyau zai ga wata ganyenta da gashi kamar ƙaran-miski, wata sumul. Wata ganye ya fi yawa, wata kara ya rinjaya. Wata ta tsaya daidai kafaɗa, wata ta haura mita 3. Masana sun kasa ta gida-gida bisa ga gashin kanta da tsawon ƙayar irinta, har sun ware wadda ta fi son tudu mai rairayi da wadda ke jure kwanciyar ruwa a fadama. Da aka duba da madubin ƙara girma, an tarar 'yan zaruruwan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halittarta guda 20 ne a waɗansu, a waɗansu kuwa 40, watau ninki biyu.

Dalilin wannan yalwa shi ne yadda take haihuwa. Iska ce ke ɗaukar bununin wannan gindi ta kai wa wancan, saboda haka kusan kowace ƙwayar iri uwarta dabam ubanta dabam. Gindi ɗari a saura guda tamkar mutane ɗari ne a kasuwa, ga kama amma kowa da halinsa. Shi kuwa irin, ko da yake ba shi da nauyi, yawancinsa kusa da uwar yake faɗuwa. Ta haka kowane daji yakan riƙe nasa dangi, a cikin dangin kuma babu biyu da suka zama ɗaya.

ZUWA BAKIN KWARA

Bayan Kaduna, hanyar da ta bi ta Birnin Gwari da Tegina ta nufi Mokwa tana ratsa ƙasar da gamba ta fi samun sakewa. Damina a nan takan kai wata shida ko bakwai. A dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, da sauran dazuzzukan wannan shiyya, ciyawa kan yi tsawon da za ta ɓoye mutum da sandarsa. Manoman wannan yanki sun daɗe suna karanta ƙasa da ita. Idan aka bar gona ta huta, ciyayi 'yan shekara guda ne ke fara rufe ta, sai bayan 'yan shekaru gamba ta shigo ta kafa gindi. Ganinta ta yi duhu a saura alama ce cewa ƙasa ta farfaɗo, ana iya komowa da gatari da fartanya. Saiwoyinta da ke ruɓewa a ƙasa kowace shekara suna cikin abin da ke mayar wa gonar da ƙarfinta.

Da rani wuta takan bi ta kanta, ko ta mafarauta ko ta makiyaya masu neman sabon toho. Kara ya ƙone ƙurmus, amma gindin yana nan da rai, bayan 'yan kwanaki sai ga kore ya ɓullo cikin toka. A gangaren Jebba, inda Kwara ke malala da damina, ana samun mai jure ruwa a gefen fadamu. Da za a ɗauke ta a kai jigawar Daura, da wuya ta ga damina ta biyu. Ita ma ta Daura ba za ta ji daɗin kwana cikin ruwa ba.

IRIN SHIKA A KUDANCIN AMURKA

A ƙasar Kolombiya akwai wani makeken fili mai ciyawa da suke kira Llanos, a Barazil kuma akwai makamancinsa mai suna Cerrado. Ƙasar wuraren nan tsami gare ta, ba ta da taki, tana kuma ɗauke da sinadarin alminiyam da ke ƙona saiwar yawancin tsirrai. Ciyawar da ke wurin ba ta ƙosar da shanu. Wata ciyawar Afirka da suka dogara da ita kuma, wani ƙwaro mai tofa kumfa a gindin ciyawa ya addabe ta.

A shekarar 1973 aka ɗauki irin gamba daga Shika aka kai cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashe masu zafi da ake kira CIAT, kusa da birnin Kali. Aka ba shi lamba 621, aka gwada shi a tashar Carimagua da ke tsakiyar Llanos. Gamba ta yi abin da ba a zata ba. Tsamin ƙasa bai dame ta ba, ƙwaron nan bai ci ƙarfinta ba, ta jure rani da wuta kamar yadda ta saba a gida. A 1980 Kolombiya ta fitar da ita ga manoma da sunan Carimagua 1, a shekarar kuma Barazil ta fitar da ita da sunan Planaltina. Kafin shekarun 1980 su ƙare, Benezuwela da Meziko da waɗansu ƙasashen yankin sun bi sahu, kowa da sunan da ya sa mata, alhali duk tsatson lamba 621 ne.

A nan akwai abin tunani iri biyu. Na farko, ɗan irin da aka ɗiba a wuri guda ya isa ya ciyar da garkunan wata nahiya, har masanan Barazil suka sami abin zaɓe a cikinsa suka fitar da wanda ya fi saurin kafuwa, saboda tun asali ƙwayoyinsa ba hali ɗaya gare su ba. Na biyu, duk waɗannan filaye sun dogara ne ga dangi guda. Ranar da wata cuta ko wani ƙwaro ya gano lagonsa, ko aka bukaci mai gajeren kara, ko mai jinkirin huda domin ganye ya daɗe, ba a Kolombiya za a nemo sabon jini ba. Sai an komo inda sauran dangin suke, watau saurukan Afirka ta Yamma.

ABIN DA YA FARU A OSTARELIYA

Labarin bai zama na alheri a ko'ina ba. An kai gamba arewacin Ostareliya tun cikin shekarun 1930 domin gwaji, daga baya aka fitar da wani iri mai suna Kent, masu kiwon shanu suka yi ta shuka shi cikin shekarun 1980. A can babu mai yanka ta ya yi zana, kuma da ta tsallake shinge ta shiga dajin da shanu ba sa kiwo, sai ta yi tsawon mita 4, ta danne ciyayin ƙasar. Binciken da aka yi a can ya nuna cewa gobarar da ta kama gamba tana iya ninka ta ciyawar ƙasar zafi har sau 8, harshenta yana kaiwa kan itatuwa ya kashe su. A 2008 hukumar yankin ta sa ta cikin miyagun ciyayi, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin waɗanda ƙasar baki ɗaya ke yaƙi da su. Abin da ya zama rufin asiri a Daura ya zama annoba a Darwin, domin a gida lauje da bakin saniya da fartanya ne ke tsare mata iyaka.

RAGUWARTA A GIDA

Abin takaici shi ne, yayin da waɗansu ke kashe kuɗi don su rabu da ita, a gidanta raguwa take yi. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe gindin gamba a wurare da yawa na Sahel, ciyayi 'yan shekara guda suka maye gurbinta. Jama'a ta ƙaru, saurar da a dā akan bari shekara da shekaru yanzu ana nome ta kowace damina. Wuraren kiwo da aka keɓe bisa dokar Gwamnatin Jihar Arewa ta 1965, da burtalan da ke haɗa su, gonaki da gine-gine sun cinye da yawa daga cikinsu. Inda kiwo ya matsu a wuri kaɗan, shanu kan cinye toho tun bai yi ƙarfi ba, su sake cinyewa, har abincin da ke ajiye a saiwa ya ƙare, gindin ya mutu. Ga maganin feshi da ya zama ruwan dare, wanda ba ya bambanta ciyawar cikin kunya da gambar kan iyaka. Ga kuma masu yanka da wuri don su riga wasu, tun iri bai zuba ba.

Mai kallo daga mota zai ce ai ga gamba nan ko'ina, me ya yi zafi? Gaskiya ne ba a fargabar ta ƙare a duniya. Abin da ake hasara shi ne dangogin. Idan gambar wata jigawa a arewacin Katsina ko Yobe ta mutu, saurin hudarta da juriyarta ga ƙishi sun tafi ke nan, kuma ba za a maye su da irin Mokwa ba, domin shi ba zai kai ga yin iri a can ba. Wannan kuwa ya zo a daidai lokacin da ake ta maganar farfaɗo da ƙasar da ta mutu a bakin hamada, da kuma shuka ciyawa domin makiyaya su sami wurin zama, ko a sami sauƙin rikicin da ke tsakaninsu da manoma. Duk waɗannan ayyuka irin da ya dace da wurin suke bukata. Wanda ya sayo iri daga nesa ya watsa a jigawa, ya ga kore a shekarar farko, kada ya yi saurin murna.

GIDA BIYU MAGANIN GOBARA

Hanyar tsare wannan dukiya biyu ce, kuma kowace tana bukatar 'yar'uwarta. Ta farko ita ce a tattara iri a adana. Nijeriya tana da cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa a Ibadan, wadda aka kafa a 1987, akwai kuma rumbun irin ciyayin kiwo na ƙasa da ƙasa a Adis Ababa. Sai dai tattara irin gamba yana da ƙa'ida. Tun da kowane gindi dabam yake, cika buhu daga gindi biyu ko uku aikin banza ne. Masana sun ba da shawarar a ɗiba kaɗan-kaɗan daga gindi kamar 50 a kowane wuri, a rubuta sunan wurin da irin ƙasarsa, a bi tun daga bakin iyakar Nijar har Binuwai, tudu da fadama. Irin kuma ba ya daɗewa da rai a ɗaki mai zafi, sai an busar da shi an sa a sanyi, wanda ke nufin wutar lantarki da ba ta yankewa. Idan an zo sabunta shi, tilas a nisanta kowane dangi da ɗan'uwansa, in ba haka ba iska za ta gauraya su.

Hanya ta biyu ita ce a bar ta a inda Allah ya ajiye ta, domin irin da ke cikin kwalba ya tsaya cik, na daji kuwa yana ci gaba da sabawa da sauyin damina. Wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Manomi ya ɗaga bututun feshi idan ya iso kan iyaka. Masu yanka su dakata sai iri ya zuba, ko su bar gindi ɗaya cikin goma. Mai dasa sabon layi ya tsago daga gindi dabam-dabam maimakon ɗaya. Dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo suna iya sa ranar fara yanka, kamar yadda ake sa ranar su a tafki, su kuma keɓe wani yanki na makiyaya ya huta damina guda.

Sauran aikin na hukuma ne. Ya kamata ma'aikatun gona na jihohi, da Cibiyar Shika, da jami'o'in da ke Arewa su haɗa hannu su san dangogin gamba nawa suka rage da inda suke, su kuma horar da manoman da za su riƙa noman irin kowane yanki suna sayarwa. Ƙasar da ta ba Kolombiya da Barazil irin da suka gina kiwonsu a kai, bai kamata a wayi gari tana aika takarda Kali tana roƙon a sammata nata ba.